Sunaye Biyu a Bayan Ɗakin Merv

Ranar da muka bar Colac a waccan shekarar, raɓa ta daskare a kan ciyawa fari fat, ruwan kwanon kare ya zama dutse. Farkon watan Yuni ne, shigowar hunturu a ƙasarmu. Sai da na zuba wa gilashin mota ruwan ɗumi kafin na ga hanya. Merv Hocking yana bakin titi yana jirana, motarsa a kunne, ɗakinsa mai taya ɗaure a bayan mota.

Merv direban motar madara ne, shekara talatin da huɗu yana zagaya gonaki. Da ya ajiye aiki sai ya shiga sahunmu, mu tsofaffi masu gudun hunturu: sanyi na kawo kai mu ja ɗakunanmu mu yi arewa inda ake ɗumi, in ya wuce mu dawo. Ba mai magana ba ne, kunnensa na hagu ma ya mutu. Matarsa Glenys ita ce bakinsa.

Kowannenmu yana rubuta sunansa da na matarsa a bayan ɗaki da manyan baƙaƙe, haɗe da lambar tashar oba-oba. Direban tirela in ya taho a bayanka yana son wucewa, sai ya karanta ya kira ka da suna. Mai tuƙi ba ya sakin sitiyari, ta gefensa ke amsawa. Shekara goma sha ɗaya Glenys tana wannan aiki. "Hanya fes, ɗana, wuce abinka," haka take cewa, ko da direban ya girme ta.

Shekara guda kafin wannan tafiya, ta ce su tashi tun watan Mayu, ƙirjinta ba ya mata daɗi. Merv ya ce ta bari ya gama gyaran kwanon rufi, sati biyu kawai. A cikin sati biyun nan sanyi ya shige ta. Aka binne ta a Colac ana yayyafi. Bai goge sunanta daga bayan ɗakin ba, ni kuma ban ga fuskar yi masa maganar ba.

Kwana huɗu da tashinmu, gaba da Cunnamulla, muka tsaya shan mai da shayi. Wani ƙaton direban tirelar shanu ya nufo teburinmu yana share zufa.

"Baba, kai ne Merv? A gaishe min da Mama. Ba don ita ba, da na yi gaba-da-gaba da wata mota a kwanar can. Ita ta ce in dakata."

Merv ya juyo masa kunnen dama. "Wa?"

"Glenys mana! Ko ɓoye ta kake yi kada mu ƙwace? Ta ce wai a gaya maka ka rufe taga, sanyi take ji. Sanyi, a wannan ranar! Ka ji mata fa."

Ya yi dariyarsa ya tafi. Merv ya daɗe yana juya cokali a shayin da bai sa wa sukari ba.

Na ce, "Wata ce a wata motar, tsoho. Ai tasha ɗaya muke duka."

Ya ce, "Tagar a buɗe take, Col."

Ni a lokacin ina gaba da nisa, ban ji komai ba. Washegari na ce ya shige gaba, na bi shi. Wajen hantsi, a wani miƙaƙƙen titi da babu mota gaba babu baya, sai jar ƙasa da gawarwakin dabbar kangaru, na ɗauki oba-oba na ce, "Kai kurma, kana ji na?" Shiru, sai shuuu. Can na ji an danna maɓallin magana. Numfashi ne da farko, irin na mai rawar ɗari. Sannan a hankali, da muryar mace, aka ce, "A ƙara gaba, Col."

Kunnuwana sun tsufa, ban musa ba. Amma na ajiye abin a kujera ban sake taɓa shi ba ranar.

Longreach ne masaukinmu na kullum. Can abokanmu suke, kowa da kujerarsa ta naɗewa, ana zaman la'asar a da'ira. Merv kwana ɗaya ya yi, da safe ya ɗaura ɗaki. Na ga ba zan bar shi shi kaɗai ba, na bi shi. Cloncurry ma kwana ɗaya. Haka muka yi ta yi har Karumba, inda titi ya ƙare a bakin teku. A nan ya kwance ɗakin.

Watan Satumba ya kama, zafi ya fara, masauki ya fara watsewa. 'Yarsa ta yi ta bugo waya, ta gyara masa ɗaki a gidanta, jikoki na tambaya. Ya ce mata yana nan zuwa, amma ban ga ya naɗe ko tabarma ba. Na sayo ƙaramin gwangwanin farin fenti na same shi a inuwa.

"Merv, damina na zuwa. Ruwa zai yanke hanya, asibiti nesa, ga hawan jininka. Bari in shafe sunan nan mu tafi gida."

Ya karɓi gwangwanin ya juya shi a hannu. "Kai da ko katanga ba ka iya shafawa ba."

"Na fi ka dai, da ka yi sati biyu a kan rufi ɗaya."

Bakina ne ya riga ni. Da ana mai da magana, da na mayar. Shi kuwa bai ji haushi ba, kai kawai ya gyaɗa.

"Wata uku ke nan ina barin oba-oba a kunne," in ji shi. "Ko tari ba ta yi ba tun da muka iso. Ta ji ɗumi, Col. Sau ɗaya na tsayar da ita a cikin sanyi. Yanzu kuma in ɗauke ta in mayar?"

Ya miƙo mini fentina. Na tsaya kwana biyu ko zai sake shawara, sannan na kamo hanyar kudu ni kaɗai.

Shekara shida ke nan. Duk hunturu ina zuwa in same shi, mu sha shayi, ba ma tada zancen. Merv yana Karumba, a layin ƙarshe kusa da shinge, tayoyin ɗakinsa sun sace sun nutse cikin rairayi.