Salmanu Mai Fenti da Ɗakin Zane na Bakin Binuwai

Duk wanda ya zauna a Garwa a shekarun farko na mulkin kai ya san rubutun Salmanu, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Shi yake rubuta wa masu kantuna sunayensu a kan allo, shi kuma direbobin manyan motoci suke kai wa bodi ya zana musu zaki, ko giwa, ko itacen dabino. Bai yi boko ba. Makarantar allo ya yi a unguwar Hausawa, sannan ya koyi haruffan Nasara wurin wani tsohon mai fenti mutumin Yola. Yana iya rubuta Faransanci tsaf, amma sai an faɗa masa ma'anar abin da ya rubuta. Gajere ne, mai sanyin magana, farcensa ba ya rabuwa da shuɗi ko ja. Matarsa Rabi'atu ta daɗe da gajiya da yi masa faɗan riguna.

Wata shekara, ana shirin bikin ranar matasa, wata malamar makaranta ta zo rumfarsa. Sunanta Madam Cécile, 'yar duwatsun Mokolo, Hausarta ta kasuwa ce amma ba ta jin kunyar yin ta. Ta ce tana son ya rubuta mata babban ƙyalle, domin za ta baje zanen da ɗalibanta suka yi, tare da kayan masu sana'ar hannu da ta roƙa. Ya rubuta, ya kuma je ya gani. An yi rumfar zana a filin biki, an rataye takardun yara a igiya kamar shanya. Akwai ƙorai masu zane, da tukwane, da jakunkunan fata da wani baduku ya kawo daga unguwar Domayo ta Marwa. Salmanu ya daɗe a gaban zanen wani yaro da ya yi jirgin ruwa da hayaƙinsa, ya sa kifi ya fi jirgin girma.

Kwana biyu bayan biki ya tsaya sayen ƙosai a bakin hanya, aka naɗe masa a cikin wannan takardar. Mai ya riga ya ratsa kifin.

Bai ga laifin mai ƙosai ba, a shara ta tsinta. Wurin Madam Cécile ya nufa, ya ajiye mata takardar a kan tebur.

"Madam, ashe abin na yini ɗaya ne?"

"To ina zan kai su, Malam Salmanu? Ajina ko ƙofa babu."

Ya ce ya san wani ɗaki. A bakin kogin Binuwai, kusa da inda jirage suke tsayawa idan ruwa ya cika, akwai tsohon sito da ake tara gishiri a da. Ya zama mallakar meri, wato ofishin magajin gari, kuma jemagu ne kawai suke amfani da shi. Suka yi ta zarya su biyu, ita tana Faransanci, shi yana gaisuwa da Fillanci, har ranar da aka miƙa musu makulli. Sharaɗin a fili yake: ba a ɗauki kowa aiki ba, ba mai albashi. Meri za ta riƙa ba da farar ƙasa duk shekara kafin damina, da kwanon rufi idan an sami rara, sauran kuwa nasu ne.

Gishiri ne ya fara ba su wahala. Bangon ya sha shi shekara da shekaru, duk abin da aka manna sai ya jiƙe ya yi fari-fari. Salmanu ya roƙi guntayen katako a garejin da ake haɗa bodin motoci, ya kafa su nesa kaɗan da bango, aka riƙa rataya a jikinsu. Ya rubuta sunan wurin a saman ƙofa da boko da ajami. Mutanen gari ba su damu da sunan ba, Ɗakin Zane kawai suke cewa.

Masu tsaron ɗakin sa kai suka yi, kowa da ranarsa. A cikinsu akwai Rosalie, mai ginin tukwane daga duwatsun Tingilin, mace mai ƙarfin murya da take da rumfa a babbar kasuwa. Ita ta ce a raba abin yadda ba wanda zai cutu: Kiristoci su riƙe Juma'a, Musulmi su riƙe Lahadi. Haka aka yi ta yi.

Malam Mas'udu, mai makarantar allo a unguwarsu Salmanu, ya daɗe yana wucewa ta ƙofar ba ya leƙawa. Salmanu ya san abin da yake ransa game da zanen mai rai, bai kuma taɓa tayar masa da maganar ba. Wata ranar Lahadi sai ga malamin da alluna biyu a hammata, waɗanda aka yi wa zayyanar saukar karatu da ja da rawaya da kore.

"Wannan ma aikin hannu ne," in ji shi. "Amma bangon gabas nake so, kuma kada a ɗora musu wata dabba a sama."

"An gama, Malam."

Daga nan bangon gabas ya zama na zayyana da ɗinkin hula da aikin fata.

Shekarun farko sun yi daɗi. Malamai suna kawo ɗalibai, matuƙan jirgi suna shigowa shan inuwa su ɓige da kallo, wani lokaci baƙon Bature ya sayi ƙwarya. Sai aka yi wa Madam Cécile canjin wurin aiki zuwa Tinyer. Bayan tafiyarta abin ya yi sanyi. Wannan ya ce gona, wancan ya ce ciwon ƙafa, har aka wayi gari daga Salmanu sai Rosalie. Akwai makon da ba wanda ya shigo sai awakin maƙwabta. Rabi'atu ta taɓa tambayarsa ko me yake tsaro a can. Ya ce shi ma bai sani ba, amma idan ya rufe mako guda, ya san ba zai sake buɗewa ba. Kullum bayan la'asar yakan wanke hannu da kananzir, ya hau kekensa, ya je ya share, ya zauna a ƙofa har rana ta yi ja a kan ruwa.

A 1973 damina ta ƙi. Wadda ta gabace ta ma ba ta yi kirki ba. Kogin ya janye har yara suna ƙetare shi da ƙafa, mutane kuma suka fara gangarowa daga arewa, wasu da jaki, wasu da tabarma kawai. Ana cikin haka Mushe Marcel, wato Malam Marcel da Faransanci, sakataren meri, ya zo ɗakin da kansa. Mutum ne mai kirki, shi yake sa hannu a ba su farar ƙasa. Ya cire hula, ya zagaya, ya rasa ta inda zai fara.

"Malam Salmanu, hatsin agaji yana hanya. Duk garin nan ba mu da wani wuri mai rufi da ƙofa kusa da titi sai nan."

Rosalie tana wajen, ta ajiye tsintsiya. "Wato mu kwashe mu fita ke nan, Mushe? Bayan duk wahalar da muka sha?"

"Ban ce har abada ba, Madam."

"Haka ake cewa."

Salmanu ya ɗaga kai ya dubi rufin. Can ya ce, "Ranka ya daɗe, a kawo hatsi. Mai jin yunwa yana gaba da mu. Amma buhunan nan, har ina za su kai?"

Marcel ya nuna daidai kafaɗarsa.

"To daga nan zuwa sama fa, akwai mai so?"

Marcel ya yi dariya, ya ce babu. A makon nan Salmanu ya ciccire katakan ya mayar da su sama. Tukwanen Rosalie suka koma gidanta, allunan Malam Mas'udu suka hau can kusa da rufi a bangonsu na gabas. Aka jibge buhunan dawa da masara a ƙasa, hotuna suna bisansu. Masu karɓar hatsi suna shiga ta ƙofar gaba su fita ta baya, kuma da yake layin ba ya sauri, ba abin da mutum zai yi sai ɗaga kai. Ɗakin bai taɓa ganin jama'a irin ta wannan shekara ba.

A cikin masu zuwa akwai wani dattijo Bafillace, dogo, sandarsa a kafaɗa ko da yake ba abin da yake kora. Idan ya karɓi rabonsa ba ya tafiya, sai ya koma gefe ya tsaya ƙarƙashin wani zanen shanu a mashaya da Salmanu ya yi tun da daɗewa. Rannan Salmanu ya kawo masa ruwa a moɗa, suka gaisa. Sunansa Hamajam, daga wajen Mindif. Garkensa duka ya ƙare a hanya.

"Kai ka yi wannan?" ya tambaya da Fillanci.

"Ni ne, Baba."

"Kana iya yin wadda ba ka taɓa gani ba?"

"Idan an faɗa mini yadda take."

Dattijon ya zauna a kan buhu. Ya ce sunanta Woɗeye, ja ce, amma jan ƙasa ba jan wuta ba. Ƙahonta na hagu ya ɗan sunkuya tun tana maraƙa. Tana da fari a ƙirji kamar an zuba nono ya gangara. Kakar kakarta ce saniyar da mahaifinsa ya ba shi ranar da aka yi masa aski na fari. Ita ce ta ƙarshe da ta faɗi, a kusa da wani busasshen rafi, kuma ya zauna da ita har ta daina numfashi.

Salmanu ya samo falle na katako, ya fara washegari. Hamajam yana zuwa ya zauna a bayansa, ba ya cewa komai sai an yi kuskure. "Tozon bai kai haka ba." "Idon, ka sa ta dubi ƙasa, ba ta kallon mutane." Da aka gama ya daɗe yana dubawa, ya kai hannu kamar zai shafa wuyanta, ya tuna fentin bai bushe ba, ya janye.

"Taka ce, Baba. Ka tafi da ita."

"In kai ta ina? A gindin bishiya nake kwana. Bar ta a nan, tana da inuwa."

Labari ya bazu a layin hatsi. Wata mata ta ce a zana mata kukar da take ƙofar gidansu. Wani ya ce dutsen Mindif yake so, amma yadda ake ganinsa daga gonarsa ta masakwa, wato dawar rani, ba daga titi ba. Salmanu bai karɓi komai a hannun kowa ba, bai kuma iya yi wa kowa da kowa ba. Fenti ya ƙare, direbobi suka riƙa kawo masa ragowar gwangwanaye, Marcel ya sa aka tattaro na garejin meri. Shi ya sa a hotunan wannan shekara za ka ga sararin sama kore, don shuɗi ya yanke. Aikin rumfarsa ya ja baya sosai, Rabi'atu ce ta riƙe gidan da sayar da ƙuli-ƙuli, kuma ba kullum take yin shiru a kai ba.

Da ruwa ya dawo, baƙi suka watse, buhuna suka ƙare. Meri ba ta mayar da ɗakin duka ba. An ja bango a tsakiya, rabin baya ya zama ma'ajiyar siminti da kujerun biki. Rosalie ta ce ai ta faɗa. Amma an sake musu rufi gaba ɗaya da sabon kwano, an fasa taga biyu, kuma majalisar gari ta sa ɗakin a cikin abin da take kula da shi duk shekara, ba sai an je roƙo ba. Wasu daga cikin matasan da suka yi aikin rabon hatsi suka karɓi ranakun tsaro. Hamajam ya tafi ba sallama. An ce an gan shi wajen Adamawa yana yi wa wani kiwo, ba a dai tabbatar ba. Woɗeye tana nan a bangon arewa.

Wajen ƙarshen shekarun 1970 ciwon yana ya fara rufe idon Salmanu. Ya daina rubutun allo da ya ga layinsa yana karkacewa. Makullin ya koma hannun Denise, 'yar Rosalie, wadda take aiki a masaƙar garin, sashen da ake fitar da zanen atamfa. Tana da nata ra'ayin. Ta kawo hotunan kyamara, ta kawo aikin wasu samari da suka yi karatu a Yawunde, wanda ba ka gane kansa balle ƙafarsa. Salmanu bai hana ba. Yakan sa a kawo shi da la'asar, ya zauna a kujerarsa ta ƙofa, yana gane masu shigowa da muryarsu.

Wata rana ya ji tana buga ƙusa, ya tambaye ta me aka kawo.

"Baba, zanen wani yaro ne ɗan Garwa. Ya ce kasuwa ce."

"Faɗa mini."

"Ba mutane a ciki. Ja ne da rawaya, sai wasu layuka baƙaƙe da suka hau kan juna. A tsakiya akwai fari kaɗan."

Ya jinjina kai yana tunani. "Ƙarfe goma na safe ke nan, ranar da mahauta suka yi yanka da yawa. A ina kika sa shi?"

"Kusa da taga."

"Sauke shi ƙasa kaɗan, 'yata. 'Yan makaranta za su zo ranar Alhamis, yawancinsu gajeru ne."

Ta zare ƙusar ta sake bugawa.