Hoton da na ɗauka masa a Jamus

Mu biyu muka tashi daga Kuala Lumpur zuwa wani taron ilimi a Jamus, ni da maƙwabcina na unguwar Setapak. Ya girme ni, kuma tun bai gama digirinsa na uku ba yake ɓata rai idan ba a ce masa Dakta ba.

Bayan taro aka kai mu wani tsohon gari a bakin kogi don mu ga jami'arsa, wadda ta shekara ɗaruruwa. Wata dattijuwa ce ta zaga da mu. Ta nuna mana ɗakin da ake kulle ɗalibai marasa ji a da, bango duk zane-zanensu. Kowa yana saurare, mutumina yana gyara kwat a gilashin taga.

Da muka shiga babban zauren lacca, kujeru duk babu kowa, sai ya miƙo min wayarsa. An gitta igiya a gaban mumbarin, amma ya tsallaka ya hau, ya ɗaga yatsa kamar mai koyarwa.

"Ɗauka daga ƙasa, ƙanina. Kada kujerun su fito."

Na ɗauka. Dattijuwar ta juyo ta ce ya sauko, da irin muryar da ake korar akuya daga rumfa. Ya sauko yana dariya shi kaɗai.

Ba mu yi sati da komawa ba na tarar da shi a mamak, wato shagon shayi da abinci da ke ƙasan benen da muke zaune, 'yan uwa ɗalibai sun kewaye shi, waya tana yawo hannu zuwa hannu.

"Nan na gabatar da takardata," in ji shi. "Farfesoshinsu har tsaye suka miƙe. Ga shaida nan ya zo, ku tambaye shi."

Na ja kujera, na ce a kawo min shayi.

"Ni dai, Malam, mace ɗaya na gani a tsaye, ita ma cewa take ka sauko."

Wani ya ƙware da shayi. Sauran suka sunkuyar da kai.

Daga ranar bai ƙara amsa sallamata ba sai a masallacin Juma'a, shi ma a ciki-ciki. Matarsa ta daina aiko wa matata tuwo, yaransa suka koma bin ɗaya matakalar.