Gwangwanin Man Kaɗen Iya

Iya, kakata ta wajen uba, ba ta sayen man kaɗe sai ta ɗanɗana. Duk Juma'a tare muke shiga kasuwar Wudil, hannunta a kafaɗata, domin tun ina ƙarama yanar ido ta fara rufe mata gani. Hanci da harshe ne ke yi mata ciniki. Sai ta lakato kaɗan ta murza a bayan hannu, ta shinshina, ta ɗora a harshe, sannan ta ce wa mai man, "Wannan an haɗa shi da wani abu, ɗauko min na ƙasan kwando." Ni kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, ita kuwa ko a jikinta.

Idan mun dawo gida takan narkar da shi, ta tace da farin ƙyalle, ta zuba a tsofaffin gwangwanayen madara. A wajen Iya babu abin da man kaɗe ba ya yi. Fason ƙafar babana idan ya dawo daga gonarmu ta Achika, leɓen ƙannena da ke tsagewa lokacin sanyi, kaushin gwiwa, amosanin kai, duk gwangwani ɗaya ne maganinsu. Amma kaina shi ne gonarta. Ranar Asabar da hantsi za ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta, ta tsefe kitson, ta narkar da man a tafin hannu, ta bi tsaga-tsaga tana shafawa tana tsokanata. Sunanta aka sa min, don haka takwara take kirana. "Takwara, wannan gashin nawa ne, aro na ba ki." Gashina kuwa ya yi tsawo, ya yi baƙi wuluk, ga laushi, ko taje shi ake ba ya karyewa.

Da idon ya rufe gaba ɗaya, sai ta koma gane mu da hannu. Ka gaishe ta, ta laluba kanka, ta kai yatsun hancinta, ta faɗi ko wane ne. Ni ba ta taɓa kuskurena ba.

Makarantar kwana ce ta ɓata mu. Satina na farko wata 'yar birni ta toshe hanci ta ce wa ke warin ƙauye a ɗakin nan. Duk aka juyo aka kalle ni. Ni kuma Allah ya yi ni da zuciya, ban yi kuka ba, amma na ƙulla a raina. Da hutu ya ƙare Iya ta ba ni sabon gwangwani kamar yadda ta saba. Motarmu na hawa gada na zuge gilashi na wulla shi cikin kogi. Haka na yi zango uku, kullum in dawo in ce mata ya ƙare tas, ta yi ta sa min albarka. A makaranta kuwa na koma man kanti mai ƙamshi, daga baya wata ƙawata ta sa min rilaksa, man miƙar da gashi, a bayan ɗakin kwananmu, muka bar shi ya wuce lokaci. Fatar kaina ta ƙone, gashin goshi ya zube, sauran ya koma kamar tsohuwar tsintsiya.

Na dawo gida da ɗankwali ɗaure tamau, ga mura ta shaƙe min murya. Na durƙusa na gaishe ta. Ta laluba, ta zame ɗankwalin, ta shafa, ta kai yatsu hancinta. Sannan ta ce, "Sannu da zuwa, 'yan mata. Daga wane gida?"

Har yau ban sani ba ko da gaske ba ta gane ni ba, ko horo take min. Abin da na sani, dariyar 'yan makaranta ba ta yi min zafin wannan tambayar ba. Na fashe da kuka, na faɗa mata komai, har da gada. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "To, kifayen Wudil sun huta da kaushi. Miƙo min gwangwani." Hutun nan kullum da safe sai ta shafa min, a hankali saboda ƙunar. Kafin in koma ɓawon ciwon ya faɗi, ƙananan gashi sun fara tsirowa a goshi.

Shekaru sun ja, na yi aure, na fara koyarwa a Kano. Wata ranar Alhamis babana ya kira ya ce jikin Iya ya yi nauyi, ba ta gane kowa, shi ma da sunan ƙaninta da ya rasu take kiransa. Tsoro ya kama ni, kada ta sake tambayata daga wane gida, a wannan karon kuma babu wani hutu da za a gyara. Nawa man ya ƙare, sai na saya a gurguje a bakin tasha, na cire ɗankwali a cikin mota na mulke kaina, fasinjoji na kallona.

Na same ta kwance, ta zama 'yar mitsitsiya. Na yi sallama, ba ta amsa ba. Na durƙusa, na ɗauki hannunta na ɗora a kaina. Yatsun suka daɗe ba su motsa ba. Can suka fara bin tsagar kitson, ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ja su a hankali zuwa hancinta.

"Takwara," ta ce, muryar da ƙyar take fita. "Wa ya sayo miki wannan? An haɗa shi da wani abu."

Na yi dariya hawaye na zuba a kan tabarmarta. Gaskiyarta ne, ban ɗanɗana ba na saya.