Gadon da muka ɗaura a kan tsamiya

A damina ta biyu bayan aurena, uwar mijina ta ce in raka ta tsintar kaɗanya a dajin da ke bayan Kucheri. Inna muke ce mata, 'yar ƙaramar tsohuwa mai ƙarancin magana. Kunyarta nake ji ƙwarai, ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba.

Mun ƙetare rafi da safe, ruwan iyakarsa idon sawu. Da la'asar muka dawo da kwanduna cike, muka tarar ya kawo, yana tafe da itatuwa, alhali ko ɗigo bai sauka inda muke ba. Inna ta dube shi, ta dubi rana.

"Nan za mu kwana, ɗiyata. Juye kaɗanyar can gindin dutse."

"Duka, Inna?"

"Duka. Ba mu kaɗai ke sonta ba cikin dajin ga."

Ta zaɓi wata tsamiya da ta yi rassa uku daga sama, ta miƙo mini gatari. Ina saro sanduna, tana ɓare bawon kalgo tana murza igiya a cinyarta. Sai na ga tsohuwar nan ta ɗaure zane tamau, ta hau itace kamar ba ita ba. Ina miƙa mata sanduna tana jerawa tsakanin rassan tana ɗaurewa, har gado ya samu, muka shimfiɗa ganye. Muka jawo sarƙaƙiya muka kewaye gindin saboda kura, hannuwana duk jini. Da na hau, ta ja ƙayar da ƙugiya ta toshe inda na bi.

Rana ba ta gama faɗuwa ba tsuntsaye suka yi tsit. Inna ta dafa gwiwata.

Giwaye ne. Tun ina yarinya nake jin labarinsu, na ɗauka ƙasa girgiza take idan suna tafiya. Ashe ko motsin ƙafarsu ba a ji. Kawai na ga kamar duwatsu sun taso daga cikin itatuwa, jikinsu ja da laka. Wata babba ce a gaba, ɗanta na bin cikinta. Suka tsaya kan kaɗanyarmu suna ɗiba da hanci ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa, wani gurnani na fitowa daga cikinsu wanda a ƙirjina na fi jinsa.

Babbar ta matso har gindin tsamiyar, ta ɗaga hancinta saitin gadonmu. Na ga gashin idonta, na ji ɗumin numfashinta a tafin ƙafata. Inna na ta tasbihi a hankali, fuskarta ba tsoro, sai hawaye. Giwar ta daɗe a haka, sannan ta juya, sauran suka bi ta.

"Tun ina budurwa rabona da su," in ji Inna. "Ban zaci Allah zai sake nuna mini ba."

Ta kwance bakin zanenta, ta fito da dunƙulen fura, ta raba biyu. Na ci a gabanta, muka kwana baya da baya.

Da hantsi ruwa ya janye, mijina da ƙanensa suka ƙetaro suna ƙwala kira. Suka tsaya kan sawun giwayen, suka ɗaga kai suka dubi gadon. Inna ta leƙo ta ce su janye ƙayar mu sauka, tana da sallolin da za ta rama.