Takaba a Bakin Rafi

Wata biyu da 'yan kwanaki da rasuwar maigidana aka fara maganar guguwar. Da farko ko a jikina. A ƙasar nan ta Turawa duk shekara idan zafi ya fara ja da baya, sai masu hasashen yanayi su tsaya gaban taswira suna zane a kan teku, suna kiran iska da sunan mutum kamar baƙuwar da za a yi wa shimfiɗa. Sau nawa muka cika gida da ruwan roba da burodi da batir, ƙarshe a yi ɗan yayyafi kowa ya watse? Amma wannan karon na ga abokan aikina a asibiti sun daina wasa da zancen, har masu gadin ƙofa suna ta leƙa waya.

Gidanmu yana kudu da garin Annandale, a ƙarshen wani layi mai gangara, bayanmu kuma rafi ne da ke gangarawa kogin Potomac. In babu ruwan sama, rafin nan ko akuya za ta tsallake shi. Sai dai a shekarun da muka yi a gidan, sau biyu ya cika ya zo har gindin katangarmu. Maigidan kan saka dogon takalmin roba ya jera buhunan yashi a ƙofar ɗakin ƙasa, wanda ke ƙarƙashin gidan, ni ina daga taga ina yi masa tsiya, ina cewa ban taɓa ganin Bakanon da bai iya iyo ba ya je ya sayi gida a bakin ruwa. Shi dai dariya kawai yake yi ya ci gaba da jera buhunansa.

Ni kuwa a lokacin ina cikin takaba. A gida idan mace ta shiga takaba, kusan gidan ne gaba ɗaya yake shiga da ita. A shimfiɗa mata tabarma, dangi su yi ta zirga-zirga da kwanuka, wata tsohuwa ta tare a ɗakinta. A nan mako biyu aka ba ni a wurin aiki, shi ma da alfarma. Mutanenmu sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu da alheri, sun cika mini firji da miya har sai da na roƙe su su bari haka, amma kowa yana da aikin da ke jiransa. Na koma jinyar marasa lafiya, tunda lalura ce. Na ajiye kwalli da turare da 'yan kunne, abin da a cikin kayan aikinmu ba wanda zai ma lura. Abu ɗaya ne ya rage mini cikakke, shi ne kwana a gida. Na je na roƙi shugabar sashenmu ta cire ni daga aikin dare, na karɓi duk Asabar da Lahadin da kowa yake gudu. Duk inda na je, kafin magariba ina cikin gidan nan, a ɗakin da ya bar ni. Ban taɓa fashi ba ko sau ɗaya, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da abin.

Ranar Laraba da safe saƙon hukuma ya shigo wayata. An ce mazauna layukan da ke kusa da rafi su tashi kafin yammacin Alhamis. Ba dole aka yi mana ba, amma an faɗa a fili cewa wanda ya zauna, in ruwa ya datse hanya, ba lallai masu ceto su iso gare shi ba. Na karanta, na kife wayar, na ɗora ruwan shayi.

Kafin azahar sai ga ƙanena. Injiniya ne, gidansa yana garin Manassas a kan tudu. Ya shigo tare da 'yata, ita kaɗai Allah ya ba mu, shekararta goma sha tara. An rufe jami'arsu saboda guguwar, shi ne ya biya ya ɗauko ta. Ko zama bai yi ba bayan gaisuwa.

"Yaya, ki haɗa kaya. An gyara miki ɗaki."

"In je ina?"

"Gidana mana."

"Ka manta halin da nake ciki ne?"

"Ban manta ba, Yaya. Amma ruwa bai san takaba ba."

"To ni na san ta."

Ya zaro waya yana nuna mini taswira, nan ja, nan shuɗi, ga inda ruwan teku zai turo kogi, kogi ya turo rafi. Na bar shi ya gama tsaf. Sannan na ce masa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gidan nan bene ne, in ruwa ya shiga ƙasa sai in hau sama. Ya ce wuta fa, in an ɗauke ta kwana biyar? Na ce kai da Allah rufe mana baki, a Kano muka tashi, yaushe rashin wuta ya zama abin gudun hijira? Ya ce itatuwan da ke bayan gida fa? Na ce itatuwan sun girme shi. Yaron da na goya a bayana, na wanke masa kashi, shi ne yau yake tsaye a falona yana karanta mini yadda ruwa yake tafiya.

Da ya ga ba ci, sai ya yi mini wayo. Ban ankara ba sai na ji muryar limamin masallacinmu tana fitowa daga wayarsa. Malam ya yi mini gaisuwar haƙuri, sannan ya ce mai takaba idan ta ji tsoron rushewar gida ko ambaliya, ya halatta ta tashi zuwa inda za ta aminta, babu saɓani a kan haka. Na ce na gode, Allah ya ƙara sani. Amma na ji haushin malamin nan, Allah ya yafe mini. Hukuncin na san shi tun ina islamiyya. Ba na so a faɗa ne a gaban mutane, don shi kaɗai ne bangon da nake jingine da shi.

Na ce da ƙanena ya tafi da yarinyar, ni ina nan. Sai 'yata ta miƙe. Ta fita, ta buɗe bayan motarsa, ta jawo jakarta, ta dawo da ita ta ajiye a gindin matakala. 'Yata tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa, mun yi faɗan har mun gaji. Ran nan da Hausa ta yi magana, irin tata mai karyayyen harshe.

"Umma, in kin zauna, na zauna."

Na hau ta da faɗa. Na ce yaushe muka fara musu da ke? Ɗauki jakarki ki wuce! Sai ta koma Turancinta, tana hawaye, ta ce ta riga ta binne ɗaya, ba za ta je ta zauna a Manassas tana kallon layinmu a talabijin ba. Taurin kan nan ba a ƙasa ta tsince shi ba, na san inda ta gado shi. Ƙanena ya girgiza kai, ya ce gobe da hantsi zai dawo, kuma ba zai koma da mota wayam ba.

Gari ya waye Alhamis shiru, ko ganye ba ya motsi, sama ta yi wani irin fari-fari mai nauyi. Maƙwabta suna ta loda motoci, da karnukansu da komai. Bature ɗaya ne a tsallaken layi ya ce ba inda za shi, yana ta buga katako a tagoginsa. 'Yata ta cika bahon wanka da ruwa, ta jera tociloli a kan tebur, tana yin komai ba ta kallona. Na san abin ya wuce ni kaɗai yanzu. In na zauna, da ita na zauna. Duk da haka zuciyata ta ƙi. Gani nake in na kwana a waje ko dare ɗaya ne, na saki hannunsa ke nan, kuma babu wani abin da ya rage da zan iya yi masa.

Sai na tuna da wadda nake da tabbacin za ta goya mini baya, wato surukata, mahaifiyarsa. Hajiya tana Kano, ta haura tamanin, kuma mace ce ta da, ba ta san sassauci ba. Lokacin da ta yi tata takabar, an ce ko zaure ba ta leƙa ba har ta fita. Maigidana shi ne ɗanta na fari, saboda haka tun da na shiga gidansu ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Yana da furfura a gemu amma "yaron nan" take ce masa, in ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai kamar ba ita ta haife shi ba. Ranar da aka gaya mata rasuwarsa ma, abin da na ji ta ce a waya shi ne, "Allah ya ji ƙan Musulmi." Na ce a raina, in Hajiya ta ce zauna, to an gama, ƙanena da liman duk sai su yi shiru.

Na kira ta. A can yamma ta fara yi.

"Hajiya, kun yini lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

Na kwashe komai na gaya mata, amma na karkatar da labarin yadda nake so. Na rage girman ruwan, na ƙara girman matsin da ake yi mini. Ina jiyo rediyo da kukan kaji a tsakar gidanta.

"Ruwan, ina aka ce zai kai?"

"Wai zai iya cika ɗakin ƙasa. Amma ai akwai sama."

"Jikata fa?"

"Ta ce ba za ta tafi ta bar ni ba."

"To ke, gadin me kike yi?"

Na ce, "Ɗakinsa ne, Hajiya. A nan ya bar ni."

Sai ta kira sunansa. Sunansa na yanka, ta faɗe shi sarai, kamar mai kiran yaro ya zo ya ci tuwo. Na nemi kujera na zauna. Ta ce ba ya cikin ɗakin nan, yana inda muka kai shi, wurin da ita ko ganinsa ba ta yi ba, kuma ba za ta gani ba. Ta ce, "Abin da ya rage mini nasa mai numfashi, yarinyar nan ce, kuma tana hannunki. Ki ɗauke mini ita daga bakin ruwa." Ta yi gyaran murya, ta ce la'asar ta gabato za ta yi alwala, ta kashe wayar.

Na daɗe a zaune. Na kira ta ne don ta ba ni makami, sai ga shi ta zubar da kunyar shekara hamsin da wani abu saboda ni. Ban taɓa jin ƙanƙantar kaina irin ta ranar ba. Ashe ina ta auna nawa rashin, ban taɓa tsayawa na auna nata ba.

Na leƙa falo na ce, "Ke, zo mu kwashe littattafan Abbanki daga ƙasa." Ta dube ni, ta gane, ba ta tambaye ni komai ba. Muka yi ta hawa da sauka da kwalaye. Ƙanena ya iso ya tarar da mu cikin gumi, ya yi hankali bai ce ai ya faɗa ba, ya kama jera buhunan yashi. Na ɗauki kaya kala biyu da sallayata da Alƙur'ani. Da na zo kulle ƙofa hannuna ya ƙi, sai 'yata ce ta karɓi makullin ta murɗa. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba muka yi ta cikin awa uku, motoci kamar tururuwa, ruwan kuma ya fara sauka kafin mu isa.

Kwana huɗu muka yi a Manassas. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na yi barci. Iska tana ta kaɗa rufin gida, ni kuwa ban farka ba sai da matar ƙanena ta taɓa ƙafata ta ce rana ta fito. Rabona da barci irin wannan tun yana da rai. Na yi sallar asuba a makare ina kuka, ban san ko na godiya ba ne ko na haushin kaina.

Da aka buɗe hanya muka koma. Ruwa ya shiga ɗakin ƙasa har ƙugu, ya bar laka da wari, reshen itace ya fasa taga ɗaya. Sama kuwa a bushe take ƙayau. Baturen nan da ya zauna yana nan da ransa, sai dai motarsa da ta nutse. Saboda haka ba zan yi ƙarya in ce da na zauna da mun mutu ba. Wataƙila da mun sha duhu da tsoro ne kawai. Har yau ban san wanda ya fi gaskiya ba tsakanina da ƙanena, kuma na daina neman sani.

Matan masallaci suka zo taya ni wankin gida. A cikinsu akwai wata malama 'yar Nijar mai koyar da mu karatu ranar Lahadi. Muna cikin matse tsumma a bokiti na ja ta gefe, na tambaye ta a hankali ko zan rama kwana huɗun nan a ƙarshen takabata. Ta ce a'a, Hajiya, ba a ramawa, kwanakin suna tafiya duk inda kike, ranar fitarki tana nan yadda take. Ta faɗa tana murmushi, a ganinta albishir ta yi mini.

Na ce alhamdulillahi, na sunkuya na ci gaba da goge laka. Ni kuwa so na yi ta ce in rama, ko na ƙara kwana huɗu ina matarsa.