Wule Bakwai a Wata Ruga Kusa da Bilbis

Mun tashi da asuba daga Damba da ke gefen Gusau, ana idar da sallah, mu huɗu a motar malamin dabbobi: shi da ke tuƙi, da malaminmu na kwamfuta, da wata 'yar ajinmu, malamar firamare ce mai 'ya'ya uku, sai ni a baya na rungume jakar laftof kamar wanda aka ba jinjiri. Sammakon bai kai mu ko'ina ba. A bakin gari muka tarar da motoci sun yi layi, muka bi sahu muka jira rana ta fito, don duk mai bin hanyar Tsafe ya san ba a shigarta da sauran duhu.

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata sun san sana'ata. Shekaru da yawa ina buga wa mutane takardu a wani ɗan shago a Gusau, har wayar hannu ta zo ta kwashe mini rabin aikin. Shi ya sa bara, da furfura a gemuna, na shiga ajin koyon rubuta manhaja da yaren Python. Farko abin ya tafi daidai. Da muka iso babin da ake kira kilas da objek, sai kaina ya tsaya cak. Malam ya ce kilas mazubi ne, kamar na bulo, objek kuwa shi ne kowane bulon da aka fitar daga mazubin. Na haddace wannan magana, ina iya maimaita ta ko daga barci aka tashe ni, amma in aka ce in rubuta, sai in zauna ina kallon allo. Sati biyu kafin tafiyar nan na gaya wa maiɗakina cewa in aikin ƙarshen zango ya gagare ni, na bar ajin ke nan.

Aikin da aka ba ni shi ne manhajar da za ta riƙe wa malamin dabbobi bayanin shanun da yake yi wa allurar rigakafi, don littafinsa ruwa ya taɓa jiƙa shi, ya rasa wacce aka yi wa da wacce ba a yi wa ba. Na rubuta abina ta hanyar da na iya, ban sa kilas ko ɗaya ba. Malam ya duba, bai ce ya yi ba, bai ce bai yi ba. Cewa kawai ya yi mu je mu gwada shi a gaban shanu.

Da aka saki hanya, ba mu yi nisa ba dutsen Kwatarkwashi ya bayyana. Na wuce shi sau ba adadi a motar haya, kullum a matse tsakanin mutane, ban taɓa ganinsa ta tagar da take tawa ni kaɗai ba. Ƙarshen damina ne, ƙasa ta yi kore shar, dawa ta yi kai ta sunkuya, shi kuma ya taso daga cikin gonakin nan baƙi ƙirin, ruwan da ya zubo masa tun farkon damina ya bar masa zane-zane har ƙasa. Gidajen da ke gindinsa sai ka ce an watsa tsakuwa. Hasken safiya ya bugi gefe ɗaya, ɗaya gefen yana cikin inuwa, manyan tsuntsaye suna kewaya ƙololuwarsa ba sa ko kaɗa fiffike. Malamar ce kawai ta ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah," a hankali, muka amsa.

A Tsafe muka karya kumallo. Waina ce mai zafi da miyar taushe a wata rumfa kusa da tasha, mai wainar tana ta ba mu haƙuri kan yadda ta ƙanƙance, wai shinkafa ce ta yi tsada. Na sayi hoce, 'yar gurasar nan ta dawa, na zuba a aljihu saboda hanya. Muna ci ana loda wa wata babbar mota buhunan sabon gero a gabanmu, sai Malam ya nuna da cokali ya tambaye mu wane buhu za a fara saukewa in an isa. Malamar ta ce na ƙarshen da aka ɗora. Ya ce to wannan shi ne tsarin da ya koya mana makon jiya, wanda ya shiga a ƙarshe shi ke fara fita, kuma ga masu dako sun iya shi ba su biya kuɗin makaranta ba. Muka yi dariya, amma ni dai wainar ba ta wuce mini da daɗi ba, hankalina yana kan jakata.

Daga Tsafe muka nufi wajen Bilbis. Inda mota ta gaza, muka bar ta a ƙofar gidan wani mai unguwa, muka hau babura ta cikin gonakin wake da gyaɗa, malamin dabbobi ya ɗaure akwatin ƙanƙarar da maganin ke ciki a bayansa. Rugar ƙarama ce, bukkoki kaɗan da rumbuna biyu a gindin wata tsamiya. Ardon wurin, dattijo dogo mai sanyin magana, ya tarbe mu, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura da nono mai kauri wanda ludayi ke tsayawa a ciki. A hirar gaisuwa na fahimci ba su daɗe a nan ba. Daga wani daji can yamma suka taso shekarun baya, bayan ɓarayi sun faɗa musu.

Aka fara aiki. An kafa itatuwa an yi wani siririn lungu, shanu suna shiga ɗaya bayan ɗaya, malamin dabbobi yana soka allura, Ardo yana faɗin sunan kowace, ni kuma ina zaune a kan turmi ina shigarwa. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Sai da muka yi talatin da ɗaya malamin dabbobi ya ce in karanto masa jerin. Na danna, kwamfuta ta nuna mini goma sha biyu.

Na sake dannawa, goma sha biyu dai. Malamin dabbobi ya leƙo, ya ce mini cikin ladabi, "Malam, in haka za ta riƙa cinye mini shanu, gara littafina, shi ko ya jiƙe yakan bar mini rabi." Na juya wajen malaminmu, ya tambaye ni shanu nawa masu suna Wule na shigar. Sai a lokacin na tuna na buga sunan nan ya fi sau biyar. Na tsara abin ne kamar ƙamus, kowace saniya a ƙarƙashin sunanta, don haka duk sabuwar Wule da ta shigo sai ta goge ta baya ta zauna a wurinta.

Na tambayi Ardo yadda aka yi shanu da yawa suke suna ɗaya. Ya yi murmushi ya ce wannan tambayar ta fi ƙarfinsa, a kira Inna. Mahaifiyarsa ce, tsohuwa 'yar ƙarama, idonta ɗaya ya yi fari, tana dogara sanda. Ta zauna a bakin tabarma, na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata matsalata.

"Wule bakwai na," in ji ta, "kuma ba wadda ta yi kama da wata. Kowace sunan uwatta ta ɗauka. Kai ba ka tambayi uwa ba, ɗana, ina za ka gane ɗiya?"

Daga nan ta fara. Ta ce Wule ta farko ita ce karsanar da mahaifinta ya ba ta ranar da aka kai ta ɗaki. Ta haifi mata uku da namiji ɗaya. Ta bi ta farin, ta lissafo 'ya'yanta da jikokinta har zuwa wata maraƙa da ke tsaye a gabanmu tana kaɗa kunne, sannan ta koma ta ɗauko ta biyun, ta bi ta har ƙarshe. Kowace da launinta, da yanayin ƙahonta, da daminar da aka haife ta, da halinta, wannan mai harbi ce, waccan ba ta ba da nono sai an yi mata waƙa. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ta gama gidan Wule ta shiga gidan Saye. Haihuwa shida ke nan a jere, ta shekaru sama da hamsin, a kan tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba.

Ina sauraronta ne abin da ya gagare ni wata uku ya buɗe. Tambayoyi iri ɗaya take amsawa a kan kowace saniya, amsoshin ne suka bambanta. Na jawo laftof na rubuta kilas na farko a rayuwata wanda ba kwafa na yi ba, na sa masa suna Saniya: lamba, suna, launi, shekarar haihuwa, allurar da aka yi mata, uwa, da jerin 'ya'ya. A gurbin uwa na so in sa suna, Malam ya dafa kafaɗata ya ce in na sa suna na koma gidan jiya, in sa ita uwar kanta, wato objek ɗin da na riga na gina, 'yar ta riƙa nuna ta kai tsaye. Malamar ta karɓi aikin yi wa Inna tambaya, ni ina bugawa. Wajen fitar da zuriyar a allo ne na sake cijewa, Malam ya nuna mini yadda ɗan umarni guda zai buga sunan saniya, sannan ya kira kansa a kan kowace 'yarta, haka har reshe ya ƙare. Layi biyar ne kacal. Na danna, sai ga gidan Wule ya sauko a allo daki-daki, uwa a sama, 'ya'ya a ƙarƙashinta, jikoki a ƙarƙashinsu. Wannan shi ne tsarin da ake kira bishiya, wanda na zana a littafi sau da yawa ban san amfaninsa ba.

Inna ta ce in karanta mata. Ina karantawa tana gyaɗa kai, ta gyara mini wuri ɗaya inda na ba wata jika uwar da ba tata ba. Da na kai ƙarshe ta ce ban gama ba, ina 'ya'yan Wule ta uku? Ardo ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, waɗannan ai su ne anka kora." Na ce mata manhajar ta shanun da za a yi wa allura ce, waɗanda suke nan.

"Sa su," ta ce. "Kora su anka yi, ba mutuwa sunka yi ba."

Na ƙara wa kilas ɗin gurbi ɗaya na halin da saniya take ciki: tana nan, ta mutu, an sayar, an kora. Ta lissafo goma sha tara, ɗaya bayan ɗaya, da launinsu da ƙahonsu, muryarta ba ta ko rawa, ni kuwa da ƙyar nake ganin haruffan. Malamin dabbobi ya ce wannan gurbin zai yi amfani fiye da yadda nake zato, don akan ƙwato shanu a rasa mai cikakken bayanin da zai nuna nasa ne.

Muka koma bakin lungun itatuwa aka ƙarasa allurar. Wannan karon da ya ce in karanto, shanu arba'in da huɗu suka fito cif, kowace Wule a gidanta. Ya mayar da littafinsa cikin jaka, ya ce mako mai zuwa akwai wata ruga a ƙasar Bungudu, in shirya. Malam bai yabe ni ba, ba halinsa ba ne. Cewa ya yi ranar Asabar ni zan yi wa aji bayanin bishiya.

Ana kiran azahar muka yi sallama, don mu wuce Tsafe da sauran rana. Inna ta sa aka ɗaura mana ƙwaryar man shanu a bayan babur, duk ƙin da muka yi ba ta saurare mu ba. La'asar a Gusau ta same mu.

Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, wata ukun da na yi ina fama, ba yaren kwamfuta ne ya gagare ni ba. Ban san abin da nake son in bayyana mata ba ne. Na zauna a shago na yanke wa shanu tsari ban taɓa tambayar mai su ba. Duk mai koyon wannan ilimi, shawarata gare shi ya je wurin wanda ya san abin, ya durƙusa ya saurara, kafin ya taɓa madannai.

Da na huta, kafin magariba, na canza wa kilas ɗin suna daga Saniya zuwa Mutum don in gwada da gidanmu. Na sa kaina, na sa mahaifiyata, na sa kakata. Da na zo gurbin uwar kakata sai na tsaya, ban san sunanta ba. Na tambayi yayana a waya, shi ma bai sani ba. Mutum ɗaya ta rage a duniya da za ta iya faɗa mana, ƙanwar mahaifiyarmu da muke kira Goggo, da ke Kwatarkwashi, wadda rabona da ita shekara biyu. Na kira ta na ce ina nan zuwa ranar Juma'a, ta ce lafiya dai? Na ce lafiya lau, Goggo, tambaya ce da ni.