Shekarar da Na Leƙa Rumbun Baba

Makon jiya malamin Turancin makarantarmu ya tare ni a ofishin malamai da littafi a hannu, wai in gaya masa yadda ake faɗin kalmar Turancin nan barn da Larabci. Ni ne malamin Larabci, shekara ashirin da ɗoriya ina wannan wahala a Gumel, saboda haka duk wanda ya rasa abin yi ni yake kawo wa tambaya. Na jawo ƙamus na buɗe masa. Akwai hazira, inda ake killace dabbobi. Akwai makhzan, ɗakin ajiya kowane iri. Akwai shuna, inda ake jibge hatsi. Ya ce to ashe rumbu ke nan. Na ce a'a. Ya ce mene ne bambancin. Sai na rufe ƙamus na ce masa ina da aji, alhali ba ni da shi. Gajiya ce kawai ta hana ni, don amsar doguwa ce, kuma ba a littafi na koye ta ba.

Ƙauyenmu yana can bayan Sule Tankarkar, inda yashi ke cinye tayar babur. Rumbun Baba na zana ne, an ɗora shi a kan itatuwa saboda gara, ba shi da ƙofa. Sai an jingina tsani, a ɗaga jinka, a shiga ta sama. Gero kuwa ba a sussuke shi ake zubawa ba, dami-dami ake jera shi da zangarniyarsa. Kuma a gidanmu babu mai leƙa cikin rumbu sai mai gida. Inna ta yi shekara hamsin a gidan nan ba ta taɓa ganin gindinsa ba. Duk bayan kwana huɗu Baba zai hau, ya jefo dami ɗaya, ya mayar da jinka. Mata su kwance, su zuba a babban turmi su yi ta sussuka, unguwa duka tana ji.

Wannan ƙarar turmi ita ce mutuncin gida. Gidan da ake jin sussuka, an san da abincinsa. Gidan da aka daina ji, an san sun koma awo, wato sayen tsaba kwano-kwano a kasuwa, kuma ba wanda zai ce musu komai, sai dai a riƙa gaishe su da wata irin murya mai laushi da ta fi zagi ciwo. Baba bai taɓa yin awo ba tun da ya yi aure. Ba shi da rigar kirki, ba shi da ko keke, amma wannan abu ɗaya yana da shi, kuma da shi yake zama a gaban masallaci ya miƙe ƙafa.

Wata shekara ruwa ya ɗauke gero yana tsakiyar yin ido. Kowa ya girbe abin da ya samu. A gidan akwai Baba da Inna, da matar ƙanena da 'ya'yanta huɗu, shi ƙanen nawa yana can kudu cirani. Na sha tambayar Baba ko in aiko da buhu daga Gumel, sai ya ce wa ya gaya mini suna jin yunwa. Ni kuma da zuciyata, na ce shi ke nan, ai ba roƙo nake yi ba.

Da bazara ta yi tsanani aka kira ni a waya cewa Baba ya faɗo daga amalanke yana kai taki gona, cinyarsa ta karye. Kafin in iso mai ɗori ya gama aikinsa, ya ce wata biyu ba motsi. Na same shi kwance a ɗakinsa da ke kusa da zaure, ya rame, yana ta faɗa a kan an bar masa shanu a rana. A kwana na uku Inna ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ce da shi a hankali tsabar da ke hannunta ta ƙare. Ya juyo ya dube ni. Can ya ce in ɗauki tsani.

Ina da furfura a gemu a lokacin, da 'ya'ya biyar, amma wallahi ranar ce na fara taka tsanin nan. Na ɗaga jinka na leƙa. Da fari duhu ne kawai da warin tsohon gero. Da idona ya saba sai na ga daɓen rumbu fili fetal. A gefe guda ga dami uku an ɗaure su daban da kaba, na san irin shuka ne, ba a taɓa su. Ban da su, dami biyu ne suka rage, ga damina ko alamarta babu. Na shiga, na daɗe a ciki ina kallon kashin ɓera. Haushi ya kama ni, tausayi ya kama ni, na rasa wanne zan bi. Na jefo dami ɗaya na sauko.

Da na koma ɗakin ya ce in sakaya ƙofa.

"Ka ga abin da ka gani," in ji shi. "Ya tsaya tsakanina da kai. Ka nemo mini dami, a shigo da shi a amalanke ƙarƙashin kara. Dami na ce, ba buhu ba."

Na ce Baba, gero ai gero ne, cikin yara bai san dami ba. Ya kalle ni irin kallon da yake yi mini tun ranar da na fara sa takalmi sau-ciki, ya ce karatu ya yi mini yawa. Ashe shi ma shirin da yake yi ke nan kafin ya faɗi, akwai wani tsohon amininsa a tsallaken iyaka da ya sa ran zai taimaka masa.

Kwana shida na yi ina yawo a kan babur. Na tsallaka wajen aminin nasa, na tarar shi kansa awo yake yi, ya ba ni ruwa da haƙuri. Na shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, buhuna jibge kamar gini, manyan motoci suna lodi, amma da na tambayi dami sai 'yan hatsi suka yi ta dariya, wani ya ce ko baƙo ne ni. Gaskiyarsu. Wa ke sayar da dami da bazara? Wanda ke da shi a rumbu ba zai buɗe ba, domin buɗewar ma tona asiri ce. Na bi ƙauyuka ina sallama a ƙofar mutanen da ban sani ba, ina ƙirƙiro ƙarya cewa iri nake nema. Bayana ya ƙage, leɓena ya tsage, takardun jarrabawar ɗalibai suna can Gumel suna jirana. A raina ina ta zagin wannan taurin kai, da baki kuma ina cewa Allah ya huci zuciyar Baba.

A rana ta bakwai na gaji, ga damin ƙarshe ya kusa ƙarewa. Na nufi Gagarawa inda ba a san fuskata ba, na sayi tsaba, na sa aka juye mini a buhunan takin zamani. Na shigo gari da azahar, lokacin da rana ta kori kowa cikin inuwa, wanda ya gan ni ma zai ce taki ne. Ni da Inna muka tura buhunan ƙarƙashin gadon Inna. Na shiga wajen Baba na ce masa an dace, dami yana rumbu. Ya ce Allah ya yi mini albarka, har da dafa kaina. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Saura sussuka. Inna ce ta kawo dabarar. Ashe ta daɗe da sanin halin da ake ciki, tun da ta ga damin da ake jefo mata ya koma baƙi-baƙi irin na can ƙasa. Ta tara ƙaiƙayin sussukar baya a bayan ɗaki. Ranar da ta kama ranar dami, ita da matar ƙanena suka zuba ƙaiƙayin a babban turmi suka kama daka, tsohuwa mai ciwon kafaɗa tana ɗaga taɓarya a kan abin da babu ko ƙwaya a ciki. Na tsaya ina kallonsu, na ji duk duniya ta ishe ni.

Ba su daɗe ba Baba ya kira ni. Ya juya fuskarsa bango.

"Ka ce da uwarka ta huta. Turmin da ke da gero kukansa daban ne."

Na buɗe baki zan kare kaina, ya ɗaga hannu.

"Idan ni da nake kwance na ji, maƙwabta da ke tsaye sun riga ni ji."

Na fita na gaya wa Inna. Ta jingine taɓarya, ta zauna a gefen turmin tana murza kafaɗa. Da la'asar matar maƙwabcinmu ta leƙo duba mai jiki, ta yi gaisuwa doguwa da murya mai laushi, ta ajiye ƙwaryar fura ta tafi. Da aka kai wa Baba tuwo ya ci loma uku ya ture kwanon. Washegari ya ci duka, don yunwa ba ta san shekarunsa ba.

Ƙafar ta warke, ko da yake da sanda ya ƙarasa rayuwarsa. Damina ta yi kyau a shekarar, irin shukar nan dami uku ya ba da gero har amalanke ta yi ta sawu. Na zo daga Gumel da sabuwar zana da igiya, na ce masa gobe za mu gyara rumbu a fara jera dami. Yana zaune a zaure, ya daɗe yana kallon zanar. Sannan ya ce in mayar da ita, a sussuke geron duka a gona a zuba a buhu, a jibge a nan inda kowa zai gani, tunda babu sauran abin da zai rufe.